Jamus bayan haɗewa: jagorar Turai ce, ko kuwa mai gudun nauyin jagoranci?

Almajirin_Tarihi:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masu sani su taya ni dubawa. Ranar 3 ga Oktoba 1990 Jamus ta Gabas da ta Yamma suka koma ƙasa guda bayan shekara 41 a rabe, kuma tun daga wannan rana babu ƙasar da ta kai ta yawan jama'a ko ƙarfin arziki a cikin ƙungiyar ƙasashen Turai: mutum wajen miliyan 80, ga iyaka da ƙasashe tara. Abin da na lura da shi shi ne, idan maganar kuɗi ta taso, Jamus ce kan gaba wajen gindaya sharuɗɗa, amma idan maganar tsaro ce sai ta ja da baya ta ce tarihinta bai ba ta dama ba. A ganina wannan dabara ce ta cin moriyar girma ba tare da ɗaukar nauyinsa ba. Idan na yi kuskure a gyara mini.

Malam_Bature_Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana da kyau, amma ka tsallake yadda aka yi haɗewar ta yiwu tun farko, alhali a nan ne asalin maganar yake. Jamusawa ba su da ikon haɗewa da ra'ayin kansu kaɗai, domin ƙasashe huɗun da suka ci su a yaƙin duniya na biyu a 1945, wato Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya da Faransa, suna riƙe da wasu haƙƙoƙi a kan Berlin da ƙasar baki ɗaya. Sai da aka zauna aka ƙulla yarjejeniyar nan da ake kira ta biyu da huɗu, wato Jamus biyun da waɗannan ƙasashe huɗu, aka sa mata hannu a Mosko ranar 12 ga Satumba 1990. A cikinta Jamus ta amince sojojinta ba za su wuce 370,000 ba, ta sake jaddada cewa ba za ta mallaki makaman nukiliya ko masu guba ba, ta yarda iyakokinta na wannan lokaci su ne na har abada, kuma ba za a girke sojojin waje ko makaman nukiliya a tsohuwar Jamus ta Gabas ba bayan ficewar sojojin Sobiyet, waɗanda suka gama fita a 1994. Firayim ministar Birtaniya Margaret Thatcher ba ta ɓoye ƙiyayyarta ga haɗewar ba, shugaban Faransa François Mitterrand kuma ya yi ɗari-ɗari kafin ya saki jiki. Saboda haka ja da bayan da kake gani sharaɗi ne da maƙwabta suka nema, kuma da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl bai karɓa ba, da wuya a ce an haɗe a wannan shekara.

Hajiya_Mairo_Kaduna:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ƙari a kan batun iyaka. Kohl bai karɓi maganar da hannu biyu tun farko ba. A farkon 1990 ya yi ta jan ƙafa wajen furta cewa kogunan Oder da Neisse su ne iyakar dindindin tsakaninsu da Poland, saboda yana jin nauyin ƙuri'un Jamusawan da aka koro daga waɗancan yankuna bayan yaƙi. Sai ranar 14 ga Nuwamba 1990 aka sa hannu a kan yarjejeniyar iyakar, kuma mutanen Poland ba su manta da wannan jinkiri ba.

Almajirin_Tarihi:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Na karɓi gyara a kan asalin abin. To amma sharaɗin ya ce kada sojoji su wuce 370,000, bai ce a bar su su ragu zuwa wajen 180,000 ba, bai kuma ce a dakatar da aikin soja na tilas a 2011 ba. Wannan kam su suka zaɓa da kansu.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Ni a wajena maganar ba ta da wahalar ganewa, domin duk wanda ya zauna a kasuwa ya san cewa mai bin ka bashi ba ya bukatar sanda. Jamus ta gane cewa abin da ta kasa samu da bindiga sau biyu za ta iya samunsa da masana'anta da banki. An ce ta sadaukar da kuɗinta na Mark ta karɓi Yuro domin Faransa ta yarda da haɗewar, amma a ƙarshe Babban Bankin Turai a Frankfurt aka kafa shi, kuma a kan tsarin babban bankin Jamus aka gina shi. Wa ya ci riba ke nan?

Malam_Bature_Samaru:
Alhaji, maganar cewa Yuro shi ne farashin haɗewa ta yaɗu ƙwarai, amma tana bukatar a sassauta ta. Rahoton kwamitin Jacques Delors, shugaban hukumar zartarwar Turai a lokacin, a kan kuɗin bai ɗaya ya fito ne a watan Afrilu 1989, wata bakwai kafin Katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba. Abin da haɗewar ta yi shi ne ta hanzarta tafiyar, har aka kai ga yarjejeniyar Maastricht, wadda ta shata hanyar Yuro, a watan Fabrairu 1992. Kuma kada mu raina abin da Jamusawa suka ji lokacin da suka rabu da Mark, domin ga mutanen da aka hana tinƙaho da tuta ko da soja, wannan kuɗi shi ne abin alfaharin da ya rage musu.

Bintu_Yar_Borno:
Ina goyon bayan mai tambaya a kan abin da ya faru da Girka lokacin da bashi ya yi mata katutu. Daga 2010 zuwa 2015 Jamus ba ta nuna wata kunya ta tarihi ba. Ita ce ta tsaya kai da fata a kan tsuke bakin aljihu, aka rage albashi da fansho, kuma ko da 'yan Girka suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a watan Yuli 2015, kashi 61 cikin ɗari suka ƙi sharuɗɗan, kwana kaɗan bayan haka gwamnatinsu ta sa hannu a kan wasu sharuɗɗan da ba su fi na farko sauƙi ba. Ministan kuɗin Jamus na lokacin, Wolfgang Schäuble, har ya kawo shawarar Girka ta fita daga Yuro na wani lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a 1953, a taron Landan, an yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashin da ake bin ta a waje, kuma Girka tana cikin waɗanda suka yafe.

Injiniya_Sokoto:
Malama Bintu, a yi adalci. Kuɗin da aka ba Girka rance daga aljihun masu biyan haraji ya fito, kuma kaso mafi tsoka na Jamus ne. Ƙasashe kamar Holan da Finland da Slovakia ma sun matsa a kan sharuɗɗan, wasu har sun fi Jamus tsanani, sai dai babba juji ne, a kansa ake zubar da komai.

Baban_Zainab_Oder:
Ku ba ni dama in faɗi abin da nake gani da idona, domin shekarata goma sha ɗaya ina zaune a Frankfurt ta bakin kogin Oder, ba wadda Alhaji ya ambata mai bankuna ba. Garinmu da Słubice ta Poland gada ɗaya ce ta raba su, kuma kafin 1945 gari ɗaya ne. Lokacin da na zo, da ƙafa nake tsallakawa in yi aski in sayo kayan miya saboda sun fi araha a can, babu mai tambayata takarda, ɗalibai kuma suna kwana a wancan gefe su yi karatu a wannan. Tun daga ƙarshen 2023 aka kafa rumfar bincike a bakin gadar, ana tsayar da motoci ana leƙawa, a watan Satumba 2024 aka faɗaɗa binciken zuwa dukkan iyakokin ƙasa na Jamus, a watan Yuli 2025 kuma Poland ta rama da nata. Akwai wata dattijuwa 'yar Poland da ke aikin kula da tsofaffi a unguwarmu, kullum da asuba nake haɗuwa da ita riƙe da katin shaidarta a hannu tun kafin ta iso gadar, tana cewa ta zaci ta gama da wannan tun 2007 da aka cire bincike a iyakar. Ga mutanen wannan yanki, manufar harkokin waje ita ce tsawon layin motocin da ke kan gadar nan da safe. Kuma abin da ke ɓata musu rai shi ne yadda Berlin ke yanke hukunci saboda siyasarta ta cikin gida, maƙwabci ya wayi gari ya tarar an riga an yi.

Hajiya_Mairo_Kaduna:
Baban Zainab ya taɓo inda yake yi wa maƙwabta ƙaiƙayi. Haka aka yi a 2015, shugabar gwamnati Angela Merkel ta bar ƙofa a buɗe ga 'yan gudun hijira, mutum wajen 890,000 suka shiga a shekara guda, abin da ni kam nake yaba mata a kai har gobe. Amma ba ta shawarci kowa yadda ya kamata ba kafin ta yi, daga baya kuma aka nemi a raba wa sauran ƙasashe nauyin, Hangari da Poland suka ce ba da su ba. Buɗewar da rufewar duka ita kaɗai ta yanke su.

Maman_Sani_Tahoua:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Ina so in ja hankalin mai tambaya cewa ƙin shiga yaƙi ba kullum yake zama gudun nauyi ba. Ranar 17 ga Maris 2011, lokacin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin da ya buɗe ƙofar kai wa Libiya hari, Jamus ta ƙaurace tare da Rasha da Sin da Indiya da Brazil, alhali Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon sun amince. An zage ta a Paris da Landan, an ce ta watsa wa abokanta ƙasa a ido. Mu da muke maƙwabtaka da Libiya mun san abin da ya biyo baya, mun ga makaman da suka kwararo da abin da ya sami arewacin Mali a 2012. Haka kuma shugaban gwamnati Gerhard Schröder ya ƙi yaƙin Iraƙi a 2003. Idan wannan ne ake kira tsoro, da ma sauran sun ji irinsa.

Injiniya_Sokoto:
Malam Maman Sani, ban musanta sakamakon ba, amma ina shakkar niyyar. Kwana goma bayan wannan ƙuri'a aka yi zaɓe a jihar Baden-Württemberg, kuma gwamnatin ta san jama'arta ba sa son yaƙi. Shi ma Schröder da ƙin yaƙin Iraƙi ya yi yaƙin neman zaɓen 2002. Sannan ba gaskiya ba ne a ce Jamus ba ta fita yaƙi sam. Tun da kotun tsarin mulki ta Karlsruhe ta yanke hukunci a watan Yuli 1994 cewa ana iya tura sojoji waje idan majalisar dokoki ta amince, jiragenta sun shiga yaƙin Kosovo a 1999, ta yi shekara 20 a Afganistan inda sojojinta 59 suka mutu, kuma harin da wani kwamandanta ya nema a kai a Kunduz a 2009 ya hallaka fararen hula da dama.

Maman_Sani_Tahoua:
Injiniya, ko don zaɓe suka yi, ai gwamnatin da ke jin tsoron masu ƙuri'arta kafin ta tura jirgin yaƙi abin so ce. Kuma mun ga sojojin nasu a nan: sun horar da dakarunmu na musamman a Tillia, a cikin jiharmu, suna da sansanin jigila a Yamai wanda suka bari a watan Agusta 2024, bayan sun fice daga Gao ta Mali a ƙarshen 2023. Abin da mutane da yawa suka lura shi ne ba su cika zaƙewa ba, amma kuma ba su taɓa zuwa da wata manufa tasu daban da ta Faransa ba, ban da batun tare baƙin haure a hanyar Agadez.

Ɗan_Garwa:
Tun da ana maganar ƙasar da ta sake haɗewa, mu ma a Kamaru da wannan suna muke kiran abin da ya faru ranar 1 ga Oktoba 1961, lokacin da yankin kudu na rainon Ingila ya haɗu da na rainon Faransa, shi kuwa yankin arewa ya zaɓi Najeriya a ƙuri'ar watan Fabrairu. Abin dariyar shi ne ƙasar da aka ce an maido ɗin Jamus ce ta shata ta tun 1884. Abin da na koya daga namu shi ne ɓangaren da aka haɗiye yakan ci gaba da kallon duniya da nasa idon. Shin a Jamus ma haka ne?

Baban_Zainab_Oder:
Haka ne ƙwarai, ɗan'uwa, ko da yake nasu bai kai ga ɗaukar makami irin na Kamaru ba. Jamus ta Gabas shiga ta yi cikin tsarin mulkin ta Yamma, ta tarar da NATO da ƙungiyar Turai an riga an shiga, ba a tambaye ta ba, jami'an diflomasiyyarta kuma kusan duka aka sallame su. Dattawan da nake zama da su a nan Rashanci suka koya a makaranta, kuma da yawansu ba su yarda da tura wa Yukren makamai ba. Shi ya sa jam'iyyar AfD, wadda ke neman a sassauta wa Rasha, ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thüringen a watan Satumba 2024 da kusan kashi 33 cikin ɗari. Ga shi kuma a tsallaken gada, mutanen Poland da suka zauna ƙarƙashin Mosko ɗaya da su, ra'ayinsu kishiyar wannan ne.

Alhaji_Tukur_Jidda:
Akwai wata ƙasar da ta haɗe a wannan shekara ta 1990 da ba a cika tunawa da ita ba, wato Yaman, ranar 22 ga Mayu. Wata uku ba su cika ba Iraƙi ta mamaye Kuwait, Yaman kuma tana zaune a Kwamitin Sulhu, ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da amfani da ƙarfi a watan Nuwamba. Saudiyya ta janye wa 'yan Yaman gatan zama, dubban ɗaruruwa suka koma gida babu aikin yi, a 1994 kuma kudu da arewa suka gwabza yaƙi. Ita Jamus a wannan yaƙi na Tekun Fasha ba ta tura sojojin faɗa ba, amma ta biya biliyoyin Mark domin kada abokanta su yi fushi. Sabuwar ƙasar da ta haɗe maƙwabta na zuba mata ido, kuma mai kuɗin sayen haƙurinsu ya fi samun sauƙi.

Bintu_Yar_Borno:
Mun zaga Kamaru da Yaman, amma har yanzu ba mu taɓa babban laifin ba, wato iskar gas ta Rasha. An buɗe bututun Nord Stream na farko a 2011, ya bi ta ƙarƙashin tekun Baltic ya kauce wa Poland da Yukren, kuma Schröder da ya amince da aikin yana barin mulki a 2005 ya karɓi muƙami a kamfanin. Bayan Rasha ta ƙwace Crimea a 2014 ma aka ci gaba da shirin bututu na biyu. Poland da ƙasashen Baltic sun yi ta kashedi, Berlin tana cewa harkar kasuwanci ce kawai, har ya kai a 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake. Idan wannan ba fifita kai a kan tsaron maƙwabci ba ne, to ban san sunansa ba.

Malam_Bature_Samaru:
A nan kam ba zan kare su ba, 'yata, sai dai in faɗi inda tunanin ya samo asali. Jamusawa da yawa sun yi imani cewa manufar tsohon shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ta kusantar gabas ta hanyar ciniki da tattaunawa ita ce ta kai su ga haɗewa ba tare da an zubar da jini ba, ga kuma jin cewa shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev ya yi musu halacci. Maganin da ya yi musu aiki sau ɗaya suka ci gaba da sha bayan cutar ta sauya. Amma ku lura da wani abu: a watan Nuwamba 2011 ministan harkokin wajen Poland, Radosław Sikorski, ya tsaya a Berlin ya ce ya fara jin tsoron zaman Jamus ba ta yin komai fiye da yadda yake tsoron ƙarfinta. Poland ɗin kuma ita ce a 2022 ta nemi Jamus ta biya ta diyyar yaƙi ta wajen Yuro tiriliyan 1.3. Maƙwabtan ma ba su gama yanke shawarar irin Jamus ɗin da suke so ba.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Malam, ai yanzu sun farka. Ranar 27 ga Fabrairu 2022 shugaban gwamnati na lokacin, Olaf Scholz, ya ware Yuro biliyan 100 domin soja, a watan Maris 2025 suka gyara tsarin mulki domin a ci bashin sayen makamai, kuma suna girke runduna ta wajen mutum 5,000 a Lithuania, zama na dindindin. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan shekara guda aka yi ana yaƙi a Yukren kafin su amince da tura tankokin Leopard a watan Janairu 2023, shi ma sai da Amurka ta yi alkawarin nata.

Almajirin_Tarihi:
Na ƙaru ƙwarai, kuma na janye kalmar dabara a kan shekarun farko, domin bayanin Malam ya nuna mini sharaɗi ne aka ɗora musu. Amma a kan Girka da bututun gas da gadar Baban Zainab, ina nan a kan bakana. Abin da ya rage mini shi ne, idan Jamus ta cika alkawarin shugaban gwamnati Friedrich Merz na gina sojojin da suka fi na kowa ƙarfi a Turai ta fuskar makaman da ba na nukiliya ba, Faransa za ta yarda? Tun yarjejeniyar Élysée ta 1963 tsakanin Jamus da Faransa rabon aikin a fili yake, Jamus na da arziki, Faransa na da soja da nukiliya da kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu.

Hajiya_Mairo_Kaduna:
Ka ƙara da tambayar wanda zai riƙe wannan soja nan da shekara goma, idan ƙuri'un da Baban Zainab ya ambata suka ci gaba da hawa. Baban Zainab, don Allah idan ka sake haɗuwa da dattijuwar nan a bakin gada, ka tambaye ta yadda take ji da labarin sojojin Jamus a Lithuania, ka kawo mana amsarta.

Baban_Zainab_Oder:
In sha Allah, Hajiya. Ranar Litinin take fara aikin safe, zan fita da wuri in tare ta kafin layi ya yi tsawo.